Ranar Da Muka Kwance Gadon Motar Aminullahi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar shafin nan. Na san na ɓace muku, na kuma ga saƙonninku, masu tambayar lafiya da masu mita duk na gode. Wata har cewa ta yi, "Bilqis, ko an ɗaura ne kin manta da mu?" 'Yar uwa, ba a ɗaura ba. Yau ma da ƙyar na iya zama, sai dai abin ya tsaya min a ƙirji, in ban faɗa ba ban san yadda zan yi da raina ba. Kuma tun yanzu nake gaya muku, a wannan karon ba ni da gaskiya, kada wata ta zo tana kare ni.

Don waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Bilqis, shekarata ashirin da huɗu. A Kano aka haife ni, ina da shekara goma sha uku Abbanmu ya kwaso mu zuwa Birmingham. Gidanmu yana Sparkbrook, layi biyu daga Stratford Road. Shekara biyar kenan da rasuwar Abba, tun daga ranar kuma yayana Abdussalam ne yake riƙe da gidan da tuƙin tasi: Umma, matarsa Anti Zuhra, 'ya'yansu biyu, har da ni da nake karatun haɗa magunguna a Manchester, ina zaune a Hulme. Wanda zan aura kuwa Aminullahi Jumare ne, Bazazzage, yana digiri na uku a fannin injiniya. Manya sun shiga maganar a can gida, an sa rana. Lokacin da abin nan ya fara saura wata uku biki.

Motar da ta jawo komai wata tsohuwar farar motar ɗaukar kaya ce, irin ta masu gyaran famfo, in rana ta haska har kana iya karanta tabon sunan tsohon mai ita a jiki. Shekara ɗaya da rabi Aminullahi yana fama da ita duk ranar Asabar, a wani lungu bayan gidan da yake haya a Old Trafford. Ya yanka mata tagogi, ya lulluɓe cikinta da katako, ya ƙera gado mai naɗewa, da ɗan tebur da benci, da murhun gas mai kai biyu, da kabad na ajiye kaya. Har wani siririn wuri ya bari a tsakiya daidai tsawon sallaya. Burinsa wai bayan biki mu nufi Scotland, mu tsaya duk inda muka ga dama, in dafa masa shayi a bakin ruwa. Ni dai tsokanarsa nake yi, in ce mutum ya zo Ingila karatu ya koma makiyayi ba ko akuya.

Na tuna ranar da takardar motar ta dawo masa daga DVLA, ofishin da yake rajistar motoci. Ya nemi su sauya mata suna a takarda, su rubuta motar kwana ce. Na same shi a lungun, sanye da wata tsohuwar rigar sanyi duk garin katako, yana juya takardar.

"Sun ƙi?" na tambaye shi.

"Sun rubuta van with windows, wato motar kaya mai tagogi. Wai daga waje ba ta yi kama da camper ba. Rufinta ba shi da tsayi, babu rumfa a gefe, babu zane a jiki."

"To wahalarka ta tashi a banza kenan."

"A'a, Bilqis. Takardar nan kamannin mota take faɗa, yadda in an hango ta daga nesa za a gane ta. Speed limit kuwa, iyakar gudun da aka yarda mata, abin da ke ciki ne. Muddin gado da tebur da murhu da kabad suna ɗaure a ciki, kuma ba ta wuce nauyi ba, gudun ƙaramar mota za ta yi, mil saba'in a awa a dual carriageway, tagwayen hanya. In kuwa van ce zalla, sittin ne, a ƙaramar hanya ma hamsin. Ko kyamara ta ɗauke ni, cikinta kawai zan nuna musu."

Ya Allah, da na saurara da kyau. Hankalina a lokacin yana kan ɗan yatsansa da zarto ya yanka, ina lalube cikin jakata ko ina da filasta. Daga duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta zauna a kaina, saba'in.

Kun san Umma da maganar kayan ɗaki. Ta rantse 'yarta ba za ta shiga gidan miji ta kwanta a kan katifar mai gidan haya ba, ko a Ingila ne ko a duniyar wata. Wata da watanni tana zaga shagunan Stratford Road, sai da falonmu ya cika da kwalaye: gado, katifa, babbar durowar kaya, madubi, tukwane, kuloli, labulaye kala uku. Da Aminullahi ya sami gidan da za mu zauna a Old Trafford, aka tsayar da wata Asabar za a kai kayan. Shi ya ce a yi amfani da motarsa. Ranar Juma'a ya kawo ta Sparkbrook, ya sa sunan Yaya a inshora na kwana biyu, ya miƙa makulli, ya koma a jirgin ƙasa. Ya ce yana da taro a jami'a, amma ni na san har da kunya, ango ba ya tsayawa a kan kayan ɗaki.

Asabar da safe Umma ta fito cikin hijabinta ruwan toka, da silifas ɗin Abba da har yau ta ƙi yarwa, ta leƙa cikin motar. Sai na ga ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Gado nake gani? A mota?"

"Umma, ai motar tafiya ce, ana kwana a ciki."

"Kuma a cikinta yake ɗaukar ki?"

"A gaba nake zama, Umma."

"Maƙwabta sun san a gaba kike zama?" Ta juya wajen Yaya, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda ɗan fari ne. "Kai, 'yata ba za ta bi titi a mota mai gado ba alhali ba a ɗaura ba. A fitar da shi."

Yaya yana dariya ya ce dama durowar ba za ta shiga ba sai an yi fili. Ya shiga gida ya ɗauko na'urar kwance kusa. Cikin awa ɗaya aikin shekara ɗaya da rabi ya fito: gado, tebur, benci, murhu, kabad, duk aka jingine su a bayan gida aka rufa musu leda. Ni ce na riƙe masa kofin da yake zuba kusoshin. Sau biyu na ɗauko waya zan kira Aminullahi in tambaye shi, sau biyu ina mayarwa. Ta yaya zan buɗe baki a gaban Umma in ce masa "gadonka"? Na ce a raina ai kusa ce, mayarwa ba wuya.

Muka loda kaya har rufi, muka kama hanya, ni da Yaya. Na sa doguwar riga baƙa mai ɗinkin zare ruwan gwal a hannu, da mayafi ruwan zuma, raina fes, yau za a kai kayana ɗakina. A babbar hanyar M6 komai lafiya, can ko motar kaya saba'in take yi. Bayan Stafford hanya ta cushe, waya ta ce mu sauka mu zagaya. Muka hau wata tagwayen hanya mai kyau, babu motoci sosai. A bakinta akwai farin allon nan mai baƙin layi a karkace, wanda babu lamba a kansa, kowace mota ita ta san nata gudun.

Yaya ya tsaya a kan sittin. Tsohon direba ne, ya san aikinsa. Ƙananan motoci suna ta wuce mu, ni kuma ina ta duban agogo, don ƙawayena biyu suna can bakin gidan cikin sanyi suna jiran mu fara jere.

"Yaya, ka ɗan taka mana."

"Van ce, ƙanwata. Sixty ne nawa a nan."

"Ba van ba ce fa, camper ce. Aminullahi ya ce seventy take yi kamar ƙaramar mota."

Ya ɗan kalle ni. "Kin tabbata? Ni fa points ɗin laifin tuƙi sun taru a lasisina."

"Wallahi da bakinsa ya gaya min."

Kun ji rantsuwar da na yi. Ba ƙarya na yi ba, ya faɗa, amma rabin maganarsa na ɗauko na bar rabin, kuma da alfahari na faɗa, ina son Yaya ya san mijin da zan aura ya san abin da shi bai sani ba. Ko sau ɗaya bai zo min ba cewa abin da ya mai da ita motar kwana yana can Sparkbrook a ƙarƙashin leda. Yaya ya taka. Mun wuce ƙarƙashin wata gada, na hango wata mota a tsaye a samanta, ban ko kula ba, ina tura wa ƙawayena saƙo cewa mun kusa.

Da Aminullahi ya buɗe motarsa washegari ya gan ta fayau, kirana ya yi. Na ba shi haƙuri, na gaya masa yadda aka yi. Ya ce, "Ba komai, Umma tana da gaskiya ta wani wajen. Zan mayar." Na ji a muryarsa abin ya taɓa shi, amma bai ƙara ko kalma ba.

Kwana goma bayan nan, ina fitowa daga aji, saƙonsa ya shigo. Hoton wata takarda ce daga ofishin 'yan sanda masu kula da kyamarorin hanya. An ɗauki motarsa tana gudun saba'in da uku a inda nata yake sittin. Suna so ya rubuta sunan wanda yake tuƙi cikin kwana ashirin da takwas. A ƙasa ya rubuta, "Ki kwantar da hankalinki. Zan zo in ga Umma da Yaya ranar Lahadi."

Ranar Lahadi Umma ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta turare falo, ta sa sabuwar atamfarta kore. Tun daga yadda ta karɓi Aminullahi na san da abin da take so. Ya zo bayan azahar, cikin kaftani ruwan ƙasa da baƙar kwat a sama, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kafet kansa a ƙasa. Ni ina bakin ƙofar kicin ina leƙe, Anti Zuhra tana bayana da goyo.

Yaya ne ya fara. "Malam Aminu, ba zan ɓoye maka ba. Points tara gare ni. Course ɗin gyaran tuƙi da suke bayarwa a madadin points na yi shi bara, ba za su sake ba ni ba. In aka ƙara uku, sha biyu kenan, wata shida ba tuƙi. Kuma council za su karɓe badge ɗina na tuƙin tasi. Ban san ranar da za su mayar ba."

"Na sani, Yaya. Kwana uku ban iya cin abinci ba."

Umma ta gyara zama. "To ai abin mai sauƙi ne, ɗana. Kai lasisinka tas yake, motar kuma taka ce. Ka rubuta kai ne, a wuce wurin."

"Umma, ki gafarce ni. Ba ni ba ne."

"Na san ba kai ba ne. Taimako nake nema."

"Umma, a ƙasan takardar akwai inda zan sa hannu cewa gaskiya na faɗa. Ba zan iya ba."

Yaya ya ɗaga hannu. "Umma, a bar wannan, ni ma ban so ba. Ga wata hanyar, Malam Aminu, wadda babu ƙarya a ciki. Ka rubuta sunana, ni ne na tuƙa. Amma kayan motar suna nan a baya. Mu mayar yau, ka ɗauki hoto, ka rubuta musu cewa camper ce, seventy ne nata. A seventy-three ba wanda zai kula. Ai camper ce da gaske, kai ka ƙera ta."

Wallahi ni ma a lokacin na ga hanya ce mai kyau, har zuciyata ta fara sanyi.

Aminullahi ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Yaya, hoton zai zama gaskiya. Amma ranar nan babu gado a cikinta, babu murhu, kaya ne har rufi. Ranar nan van ce. Abin da suke tambaya kenan. Zan bi ka kotu. Zan rubuta musu cewa daga bakina kuskuren ya fito, ni na ce saba'in ban yi cikakken bayani ba. Na yi magana da wani lauya, ya ce in aka nuna wa alƙali mutum nawa ke ci a ƙarƙashinka, wani lokaci ana sassautawa."

"Wani lokaci," in ji Umma. "Kayan ɗakinka ya ɗauko. Bai je yawon banza ba, ɗawainiyar aurenka yake yi. Mutum shida ne a gidan nan, duk a kan sitiyarin nan muke. Kai kuma hoto ɗaya ya gagare ka?"

"Umma..."

"Tashi ka tafi. Allah ya ba mu alheri."

Tuwon nan haka aka kwashe shi ba wanda ya taɓa. Da zai fita ya wuce ta gabana bai ɗago ba, ya tsuguna a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi. Ina so in ce Umma, ni ce na ce a taka, ni ce na rantse. Yaya ya riga ni, ya girgiza min kai alamar in yi shiru. Ya rufa min asiri, bai taɓa gaya wa Umma abin da na faɗa a hanya ba, har yau.

Aminullahi ya rubuta sunan Yaya ya aika, takarda ta biyu ta zo wa Yaya. Daga nan gidanmu ya zama wani iri. In na kira Umma sai ta miƙa wa jikokinta wayar. Ta ce za ta kira Baffa a Kano a ɗaga bikin, wai tana son ta ƙara nazari. Anti Zuhra ta turo min saƙon murya na minti bakwai, rabinsa kuka ne. Shi kuwa Aminullahi kullum da safe sai ya turo, "Kin tashi lafiya? Ki yi haƙuri, ki ci gaba da addu'a." Ni kuma in amsa da "Lafiya" kawai, don haushinsa nake ji, kuma na san ba shi ya kamata in ji haushi ba.

Wata Talata da rana ina ɗakin karatu saƙon Yaya ya shigo.

"Ƙanwata, ya karatu? Kada ki sa damuwa, ni ban ga laifinki ba."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Wannan mutumin shi ya bar jami'a da Abba ya rasu don ni in ci gaba. Shi yake tuƙo mota tun daga Birmingham ya kawo min miya in ina jarrabawa. Ina share hawaye sai ga wani saƙon.

"Ba ki da hoton cikin motar a wayarki? Na da, kafin mu kwance. Ba sai shi ya sani ba, ni zan aika da sunana."

Ina da su, sun fi ɗari biyu. Duk katakon da Aminullahi ya buga sai ya turo min. Na yi ta gangarawa cikin hirarmu har na kai kan wanda ya turo ranar da ya gama. An gyara gadon da farin zani, ga kofunan shayi biyu a kan tebur, ga buta a kan murhu, hasken yamma ya shigo ta taga. A ƙasansa ya rubuta, "Ɗakinki ya kammala, saura mai shi."

Na fi minti ashirin ina kallon hoton nan. Na gaya wa kaina ai hoton gaskiya ne. Na gaya wa kaina ba Aminullahi ne zai sa hannu ba, to ina ruwansa. Na gaya wa kaina ni na ɓata, ni ya kamata in gyara. Na zaɓi guda huɗu har da wannan, na tura, na goge saƙon daga wajena kamar hakan zai goge shi daga duniya.

Kwana biyu bayan nan, da Yaya ya aika hotunan ya ce mata an sami mafita, Umma ta kira ni da kanta, murya a sake, wai ta aiko min da dambun nama ta hannun wata mai zuwa Manchester. Maganar ɗaga biki ta bi iska, aka koma maganar anko. Aminullahi ya yi murna har da hamdala, ya ce, "Kin ga addu'a? Na san Umma za ta huce." Na ce masa eh, addu'a ce. Mako biyu ina cin dambun nan yana min ɗaci a baki.

Juma'ar da ta wuce ya turo min saƙo. "In kin sami dama ki same ni a Hulme Park bayan masallaci." Babu gaisuwa, babu komai. Na zura kwat a kan rigar da ke jikina, na yafa mayafin da hannuna ya fara taɓawa, na fita.

Yana zaune a kan benci, farar jallabiya da hula, ambulan a kan cinyarsa. Ana ɗan yayyafi amma bai damu ba. Na zauna a ɗaya ƙarshen na gaishe shi. Ya amsa, ya miƙo min takardar.

Daga ofishin nan ne. Sun ce direban motar ya rubuto cewa motar kwana ce, ya haɗo da hotuna. Sai dai hoton da kyamararsu ta ɗauka ya nuna kwalaye sun toshe tagogin gefe tun daga ƙasa har sama. Don haka suna so mai motar ya rubuto, ya sa hannu, ya faɗa musu ko a ranar gado da tebur da murhu suna ɗaure a ciki. Sun ba shi kwana goma sha huɗu. A baya sun maƙala kwafin hotunan da aka aika musu. Na saman shi ne mai kofunan shayi biyu.

"Da points uku ne, Bilqis," ya ce a hankali, yana kallon ciyawa. "Da wata shida ne, kuma da muna da abin faɗa a gaban alƙali. Yanzu in na ce babu, to Yaya ya yi wa 'yan sanda ƙarya a rubuce. Lauya ya ce wannan har gidan yari ana zuwa a kansa. In kuma na ce akwai, mun zama mu biyu, ga hoton kyamara a hannunsu. Karatuna, visa ɗina, duk sun tafi. Wannan ma ba shi ya fi damuna ba."

Ruwa yana ɗiga a kan takardar, tawadar tana ɗan bajewa.

Ya sa yatsa a kan hoton. "Wannan mutum ɗaya na tura wa a duniya." Sai a lokacin ya juyo ya kalle ni. Ban ga fushi a idonsa ba, roƙo na gani. "Abu ɗaya zan tambaye ki. Yaya ne ya ɗauka daga wayarki ba ki sani ba, ko ke kika ba shi?"

'Yan uwa, ƙofa ya buɗe min. Na gane so yake in ce ban sani ba, kuma da na faɗa zai yarda, ko ya tilasta wa kansa yarda. Yaya ma ba zai taɓa tona ni ba. Kalmar har ta zo bakina, na ji ɗanɗanonta.

"Ni ce," na ce. "Ni na zaɓa, ni na tura. Kuma ni ce na ce masa ya taka a ranar, har da rantsuwa."

Ya runtse ido. Sannan ya gyaɗa kai. "Na gode da ba ki ƙara min wata ba."

Ya karɓi takardar daga hannuna, ya goge ruwan da hannun rigarsa, ya ninke ta a hankali ya mayar cikin ambulan. Ya miƙe.

"Me za ka rubuta musu?" na tambaye shi.

"Ban sani ba, Bilqis. Tunda nake ban taɓa wayar gari ban san mene ne daidai ba, sai kwana ukun nan." Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce, "Ki koma ciki, za ki yi mura."

Na bi shi da kallo har ya fita daga ƙofar wurin, bai waiwayo ba. Ina nan zaune wayata ta fara ƙara a aljihu. Umma ce. Na share fuskata na ɗauka, na ji ta cikin hayaniyar shago, tana dariya da wata mata.

"Bilqis, ina wajen mai leshi. Na ankon nan, shuɗi kike so ko ruwan hoda? Yi sauri ki faɗa, za a yanka."

Na ce mata shuɗi.